Ranar da Aka Kwance Murfin Tukunyar Gansakuka

Ba zan taɓa manta ranar da hannun Yayata ya ƙone a gaban idona ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare kusa da Kunci. Abincin kaji ya yi tsada, matan ƙauyenmu suna ta sayar da kajinsu, ita kuwa Yaya da kuɗin ƙwai take ciyar da marayunta huɗu. Na taɓa karanta cewa idan aka kulle ruwa a tukunya mai ƙarfi aka dafa, zafinsa yakan zarce na tafasa, ya narkar da abin da aka zuba, ya fito da furotin ɗinsa, wato sinadarin da ke gina jiki. Na yi tunanin haɗa wa kaji abinci ta wannan hanya. Sai na je Bici, wani mai walda ya haɗa mini tukunyar ƙarfe mai kauri, murfinta da noti takwas, da agogon da ke nuna ƙarfin matsi.

Mukan kwaso gansakuka a kududdufin bayan gari, mu haɗa da ragowar tuwo da waken da ƙwari suka ci, irin wanda ake sharewa a kasuwar hatsi ta Dawanau. Ni in ɗaure murfi, Yaya ta hura wuta. In ta huce mu tace, mu cuɗa da dusa, mu shanya. Da farko kajin ƙi suka yi. Sai da muka yi wata uku muna gyara haɗin kafin suka fara rububinsa, ƙwai ya dawo.

Labari ya kai kunnen shugaban ƙungiyar manomanmu, wani Alhaji da a baya yake cewa Malam ya koma dafa ƙazanta. Wata Asabar da hantsi sai ga shi da baƙi daga birni, da masu ɗaukar hoto. Ina tsaye ya ce musu shi ya kawo shawarar. Na haɗiye wannan. Sai ɗaya daga cikin baƙin ya ce yana son ganin cikin tukunyar.

Na dubi agogo, allurarsa tana can sama. Na ce, "Alhaji, ba ta huce ba. Sai nan da awa biyu."

Ya ce, "Baƙi ba za su jira awa biyu ba. Miƙo sifana."

"Akwai haɗari, Alhaji."

"A gaban mutane za ka koya mini aiki?"

Abokin marigayi mahaifinmu ne, tun ina yaro nake durƙusa masa. Kunya ta kama ni, na miƙa masa sifanar da hannuna. Wannan miƙawar ita ce ta fi ci mini rai har gobe.

Yaya tana tsugune tana janye itace. Alhaji yana sassauta noti na uku, tururi da ruwan zafi suka yi tsartuwa ta gefe, suka same ta daga kafaɗa har yatsu. Ba ta yi ihu ba. Salati ta yi, ta zauna daɓas a ƙasa, fatar tana saɓulewa.

Alhaji ya ja da baya, ko ɗigo bai taɓa babbar rigarsa ba. Ya juya ga baƙin ya ce, "Na sha gaya masa wannan abin zai yi ɓarna."

Na ce, "Kai ka kwance, kowa ya gani. Fita daga gidan nan, Alhaji."

Na ɗauki Yaya a babur zuwa asibiti. Ta yi makonni tana jinya, kuma har yanzu yatsunta biyu ba sa lanƙwasuwa. Alhaji bai taɓa zuwa dubiya ba. Dattawa ya turo wai na ci mutuncinsa, in je in ba shi haƙuri. Na ce su fara zuwa su ga hannun, sannan mu yi maganar mutunci. Ba su sake dawowa ba.

Da ta warke, ita ce ta ce mu ci gaba, domin kaji ba su san an yi rigima ba. Mai walda ya ƙara mana famfon sakin tururi, yanzu gidaje da dama suna karɓar haɗin.

Abin da na koya shi ne, in ka san abu zai cutar da mutum, girman mai ba da umarni ba hujja ba ne. Gara a ce ba ka da kunya, da ka yi biyayyar da wani zai ɗauki tabonta har ƙarshen rayuwarsa.