Rabon Yaya Hajo a Tsakiyar Gona

Zama ƙanen Yaya Hajo wahala ne, ba zan ɓoye muku ba don ta mutu. Kun san ta da ƙwallon nan ja a hannu, tana goga ta a gefen zane, ko a gidan suna ko a gidan gaisuwa. Ƙwallo guda! Sai da baduku ya ɗinke ta har ya ce shi ya tuba.

A makarantar horon malamai ta kwaso wasan kurket, na Turawa da ake buga ƙwallo da katako, ta dawo Tambuwal ta tara mata, ta ce ita ce kyaftin. Ba wanda ya zaɓe ta, ba kuma wanda ya isa ya hana.

Da Baba ya rasu anka raba mana gona, ni kashi biyu, ita ɗaya. Malamin da ke rabon ya ce ta nuna gefen da take so. Sai ta taka har tsakiya ta tsaya.

Na ce, "Yaya, wa ka cin gado a tsakiya?"

Ta ce, "Ni. Kai ka noma kewaye, Mamman, ai ka fi ni baki."

Ta kira tsofaffin mata sunka yi wa wurin daɓe kamar ɗakin amarya, har da makuba, ta kakkafa sandunan wasan a kai. Ita ba ta shuka ko ƙwaya, ni kuwa kullum mata goma sha ɗaya na cikin gerona suna neman ƙwallo. Shekara ashirin ban ga amfanin gonar nan cikakke ba.

Da iyayen matan sunka fara ƙorafi, ta je ta ɗauko limamin unguwarmu da kanta, ta shimfiɗa mishi tabarma ya gani da idonsa. Mata cikin hijabi, ɗaya ta jefa, ɗaya ta buga da katako, sauran suna tsaye a rana. Liman ya yi gyangyaɗi, ya farka, ya ce, "An ƙare?"

Ta ce, "Allah gafarta Malam, yanzu anka fara."

Ya naɗe tabarmarsa ya ce, "Ku bar su. Wanga abu haƙuri kawai yake koyarwa."

Sai matsalar abokan karawa, don duk yankin babu. Kowace Asabar in goya ta a mashin zuwa Kebbe, kun dai san hanyar, ta koya wa matan can. Bayan shekara sunka zo sunka lallasa mu a gonarmu. Na ce, "To, Kyaftin, ga sakayya." Ta harare ni ta ce, "Wa ya koya musu? Ni. To ni na ci." Amma kwana ukku ba ta ci tuwo ba.

Ciwo ya kwantar da ita bara, ta rasu ana gab da damina. Mijinta ya riga ta, ba ta bar ɗa ba, rabonta ya dawo hannuna. Ni kuwa ɗiyana takwas, rumbuna bai kai mu Azumi. Wallahi na yi niyyar fasa daɓen nan in shuka.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, Rabi, wadda ta gaje ta a kyaftin, ta zo da mata biyu. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, mun zo kwashe sandunanmu. Mun san gona taka ce yanzu."

Na bi su can. Sun tuge sandunan, sun tsaya a kan daɓen. Rabi ta duƙa tana cire wata 'yar ciyawa da ta tsiro a tsaga, wurin da ta san gobe zan fasa.

Na ce, "Ke, mi kike yi?"

Ta ce, "Sabo ne, Kawu. Ba ta son ganin ciyawa."

Na ce su maida sandunan inda sunka gan su, kada su ɓata min lokaci.

Allah Ya jiƙan Yaya Hajo, Ya yafe mata, Ya yalwata kabarinta, Ya yafe min maganganun da na faɗa mata a kan hanyar Kebbe.

Washegari na tada mashin na tafi Jabo, na cire takalmi a ƙofar gidan surukina, na roƙi aron gona.