Rigar da Ña Porfiria Ta Ƙi Sawa

A garinmu Luque, kusa da birnin Asunción, in ka ji ƙarar tsohon babur da safe, ka leƙa ka ga mace da malafa, injin yankan ciyawa saɓe a bayanta, ba sai ka tambaya ba: Ña Porfiria Cantero ce, wato Malama Porfiria, za ta wurin aiki. Gajeriya ce kakkaura, shekararta hamsin da shida, ƙwaurinta duk tabon tsakuwar da inji ke fesowa. Ba ta da fara'ar banza. In ta gaishe ka, to ta gaishe ka. In kuwa ta wuce ka shiru, sai ka binciki kanka.

'Yar ƙauye ce daga wajen Paraguarí. Uwarta mai sayar da ganyen magani ce, irin wanda ake dakawa a turmi a zuba a ruwan terere, shayin nan namu mai sanyi da ake zuƙa a ƙaho, saboda haka tun Porfiria ba ta san harafi ko ɗaya ba ta san ganyen da ke sanyaya ciki, da wanda ke saukar da jini, da wanda ke kashe akuya. Tana da shekara goma sha tara ta bi ayarin 'yan matan da ke tafiya aikatau birnin Buenos Aires, a ƙasar maƙwabtanmu. Shekara goma sha takwas ta yi a can, gida huɗu, kuma a kowanne rigar aiki ake fara miƙo mata kafin a ba ta ruwan sha. A gida na ƙarshe uwargidan ba ta taɓa kiran ta da sunanta ba. María take ce mata, don wai wadda ta gada María ce, rigar ma tata ce, tsawo kawai aka rage.

Ranar da ta dawo, kafin mota ta haye gadar kan iyaka, ta zaro rigar daga jaka ta tura ƙarƙashin kujera. Ta rantse ita da rigar wani har abada, ko da rogo za ta ci ba mai ba gishiri. Ɗan abin da ta tara ta sayi inji da babur, ta nufi gindin mangwaron da ke bayan gidan mai, inda masu yankan ciyawa ke zaman jiran aiki.

Maza ne zalla a wurin. Dattijonsu, Don Crispín Ovelar, ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Baiwar Allah, ɓatan hanya kika yi? Ai kasuwa tana gaba."

Ta ce, "Ban ɓata ba, Baba. An ce mini nan ake tara ragwaye, shi ne na zo in kwashe aikin da ya gagare ku."

Wuri ya ɗauki dariya. Don Crispín ya cika ƙahon terere da ruwan ƙanƙara ya miƙa mata, ta zuƙe ta mayar. Tun daga ranar tana da wurinta a kan benci, shekara goma sha tara ke nan.

Yadda take aiki kuwa, shi ya sa ake son ta, shi ya sa kuma ake jin haushin ta. Ba ta tayar da inji sai ta zagaye gida, hannu a baya, tana duban ƙasa. Don gidajenmu, abin da baƙo zai ce ciyawa ce, rabinsa kantin magani ne: ga na'ana'a a gindin famfo, ga ganyen ciwon ƙoda ya bi bango, ga wani abu mai kama da ƙaya da kaka ta hana a taɓa. Duk waɗannan da adda take bi ta kewaye su a durƙushe. Aikin awa guda sai ya kai ta azahar. Wanda ya ce ta yi sauri sai ta ce masa, "Ciyawar ce za ta gudu, ko kai?"

Ana nan sai ga wani kamfani daga Asunción da manhajarsa ta waya. Ka latsa, ka rubuta faɗin fili, ka biya, su turo maka duk wanda ya fi kusa, sanye da rawayar riga mai lamba a ƙirji. Waya ce ke ƙirga masa mintoci, in ya haura, gobe a rage masa aiki. Tsofaffinmu ba su ne suka zaɓi wannan ba. 'Ya'yansu da ke Spain su ke biya, su ke kuma latsa wayar, kuma ɗan da ke can bai san komai game da gidan uwarsa ba sai hoton da za a turo masa, fili fes kamar kan mai sanƙo.

Gidaje suka soma zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi ci mata rai shi ne na Ña Eduvigis, tsohuwa 'yar shekara tamanin da huɗu, wadda ita ce ta fara ba ta aiki a garin. Ta tsakanin shinge tsohuwar ta gaya mata, ido a ƙasa.

"'Yar nan, kar ki ga laifina. Yaron ne ya ce ya riga ya biya."

"Ba komai, Iya. Gidanki ne."

Amma da komai. A hanya sai da ta tsayar da babur ta share ido da gefen malafa, sannan ta wuce kai tsaye shagon aminiyarta Zunilda, mai buga takardu a bakin coci, wadda ta koyi haɗa shafin intanet da girmanta.

Porfiria ta ce, "Ƙawata, abin nan da suke yi, tsafi ne?"

"Ba tsafi ba ne. Shafi ne kawai."

"To yi mana namu. Amma ba lamba. Kowa da sunansa da fuskarsa da unguwarsa. Mai gida ya zaɓi wanda yake so, su daidaita da bakinsu. Ba oga, ba agogo, ba riga."

Sati uku suna fama, suna faɗa suna shiryawa. Suka sa wa shafin suna Gindin Mangwaro. Babbar rigimarsu a kan layi guda ce. Porfiria ta kafe cewa ba mai neman ma'aikaci sai ya fara amsa tambaya ɗaya: me ke gidanka da ba za a yanke ba?

Zunilda ta ce, "Haba, wa zai tsaya cike wannan? Mutanen yanzu sauri suke yi."

"Wanda bai san abin da ke gidansa ba, ya kira 'yan rawaya. Sa shi a sama, da manyan baƙaƙe."

Asabar ɗin farko ta Yuli aka buɗe. Ko wawa ya san ba lokacin ba ne, don Yuli a wurinmu tsakiyar hunturu ne, ga sanyi, ciyawa ta kwanta barci, amma wa zai gaya wa Porfiria? Mutum goma sha ɗaya suka sa suna. Aka kawo kwandon chipa, burodinmu na rogo, mai zafi, aka yi da'ira a gindin mangwaro, Zunilda ta latsa, aka tafa. Sai kowa ya zuba wa wayarsa ido. Har rana ta karkata saƙo ɗaya ne ya shigo, wata mata ce ke tambaya ko suna sayar da mangwaro.

Sati ya wuce, na biyu ya bi shi, shiru kake ji. Benci ya soma yin faɗi. A sati na uku saura mutum huɗu, kuma a satin ne Don Crispín ya zo sanye da rawayar riga, wata a naɗe a hammatarsa. Bai zauna ba.

"Porfiria, na yi miki magana, sun ce akwai gurbi. Ga ta."

"Baba, da furfurarka? Lamba nawa suka ba ka?"

"Ki bar wannan. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ina da baki shida a gida."

"To ka yi ta rawa. Ni ƙafata ta yi tsami."

Ya ajiye rigar a kan benci ya juya. Ta bi shi da murya, "Na gode fa, dama tsummar goge man injina ta ƙare!"

A bainar jama'a ke nan. A gida kuwa tsoro ne ya cika ta, ba ƙarami ba. Ta sayar da kajinta, rogon da ta yi wa rantsuwa shi take ci safe da rana. Wata safiya ta warware rigar ta kara a kafaɗunta a gaban madubi. Cif ta yi mata, kamar an auna. Wannan ne ya tunzura ta fiye da yunwar, don ta gane Don Crispín ya san girmanta ya faɗa musu, wato ya tabbata za ta sa. Ta dunƙule rigar ta cusa a akwatin babur, ta fita neman aikin da babu.

A makon ƙarshe na Yuli kamfanin ya karya farashi, wai a share gidaje kafin Agusta. 'Ya'yan Spain suka yi ta latsawa. Kwana biyar Luque ba ta jin komai sai kukan inji, 'yan rawaya na tsalle daga wannan gida zuwa wancan. Wanda ya tsara wannan a ofis, ko dai ba shi da kaka, ko bai taɓa kai mata ziyara ba. Ai kowa ya san Agusta wata ne mai kwashe tsofaffi da ramammun shanu, kuma ba tsohon da zai yarda ɗaya ga wata ta same shi bai kurɓi jiƙon ganyen maganin nan ruda da lemun tsami da giyar rake don kariya ba. Rudar kuma ba a saye in da hali, a gida ake tsinko ta a jiƙa tun jajibiri.

Ranar talatin da ɗaya ga wata tsofaffin Luque suka fito da kwanoninsu, suka tarar da fili fes.

Wajen hantsi wayar Porfiria ta yi ƙara. Ña Eduvigis ce. "'Yar nan, zo ki gani. Sun yanke ta. Wadda marigayi ya dasa."

Porfiria ta san rudar nan sarai. Mijin tsohuwar ya dasa ta a gindin taga shekarar da zai rasu, kuma shekara goma sha tara tana kewaye ta da adda. Ta shiga bayan ɗakinta ta ɗauko wani gwangwanin fenti, ta ɗaure a babur, ta tafi.

A bakin ƙofa ta tarar da Don Crispín tsaye, hula a hannu. Ba sai an gaya mata ba.

"Kai ne?"

"Na gan ta, Porfiria. Na rantse da Allah na gan ta. Saura minti huɗu, wayar na ta kuka a aljihuna, hannuna ya wuce."

"Shekara arba'in kana wannan aiki, Baba. Da baƙo ne da na ce bai sani ba. Kai ka sani ka yanke!"

Ya matsa mata hanya. Ta wuce shi ta shiga. Tsohuwar na zaune a bakin taga da kwano wayam a cinya, tana kallon kututturen da aka sare daidai da ƙasa.

"Bana Agusta da ni zai tafi," in ji ta.

"Ba inda za ki, Iya, sai kin ga bayana." Porfiria ta dire gwangwanin a gabanta. Ruda ce a ciki, kore shar, ta kai gwiwa. "Kin tuna shekarar da na rage mata rassa? Ban zubar ba, na dasa reshe ɗaya a gida. 'Yarta ce. Tsinki na jiƙonki, sauran mu mayar da ita gidan ubanta."

Tsohuwar ta murza ganye ɗaya ta kai hanci, sai kuka. Porfiria ba ta iya lallashi ba, don haka ta durƙusa ta kama haƙa. Da ta gama dasawa ta kafa turaku huɗu kewaye da shukar, ta je babur ta ciro rawayar rigar, ta sa haƙori a wuyan rigar ta ja. Ƙiiii, har ƙasa. Ta yayyaga ta tsiri-tsiri ta ɗaure a turakun, yadda ko makaho ba zai ce bai gani ba. Ta bi gindin famfo da jikin bango, duk inda ta san akwai saiwar magani da rai a ƙasa, ta kafa tsinke ta ɗaura ƙyalle. Kafin ta gama rigar ta ƙare.

Sai ta ji motsi a bayanta. Don Crispín ne daga shi sai singileti cikin wannan sanyi, yana miƙo tasa.

"Ga wata, in ba ta isa ba."

"Yaga da kanka," in ji ta. "Ba ni na sa maka ba."

Ya yaga.

Ña Eduvigis kuwa ta riga ta kira ɗanta, ana jin ta har titi. "Ban tambaye ka ko kana wurin aiki ba! Ka buɗe na Gindin Mangwaro yanzun nan, ina tsaye. A'a, ba wancan ba, na masu suna!"

Porfiria na wanke hannu a famfo wayarta ta yi wani ɗan kuka da ba ta taɓa ji ba. Ta goge hannu a wando ta duba. Aikin farko ne ya shigo shafin. Kafin ta buɗe shi wani ya biyo baya daga wata unguwa, sai wani kuma, don ba Ña Eduvigis kaɗai ta fito da kwano a ranar ba. Ta bar su, ta buɗe na farkon. Ba ta da saurin karatu, da yatsa take bi. A ƙarƙashin tambayar nan mai manyan baƙaƙe, me ke gidanka da ba za a yanke ba, ɗan ya rubuta abin da uwarsa ta shifta masa: "Duk abin da Ña Porfiria Cantero ta ce."

Sau biyu ta karanta, tana motsa baki a kan sunan, harafi bayan harafi. Sannan ta jefa wayar a aljihu, ta miƙa wa Don Crispín gwangwanin ta ce ya ɗebo ruwa ya ba shukar.