Ranar da Na Yi wa Shanu Guɗa

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, mai goyo ta lallashi nata. Shekaruna sun ja, abubuwa da yawa sun zube mini, amma ranar da Malam, kakanku, ya sauya wa amalanke mai a tsakar gidanmu ba za ta zube ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ba mu daɗe da fansar kanmu daga bauta ba. Muna zaune a Itafuwa, ƙauyen masunta a gefen birnin Bahiya, can ƙetaren teku inda aka kawo mu bayi, ina tuyar ƙosai. Shi kuwa Malam shekara da shekaru yana ɗaukar masu hali a kujera yana hawa tudun birni da su, har kafaɗarsa ta dama ta kumbura. Sai wani tsoho Bayarabe mai amalanken shanu ya tausaya masa. Ya ce ya tafi da amalanken gida, gobe da hantsi ya same shi a bakin teku in jiragen masunta sun dawo. In ya zo a kan kari, aikin jigilar kifi nasa ne. In ya makara, a ba wani, shi ya koma wa kujera.

Da la'asar na jiyo shi tun yana nesa. Ƙafafun amalanken na katako ne, suna juyawa suna wani irin kuka mai tsawo kamar ana yanka akuya goma. Malam ya shigo ransa a ɓace.

"Kin ji abin kunya? Dattijo guda ya bar dukiyarsa tana ihu saboda rashin mai. Ina manjanki?"

Na ce, "Malam, na tuyar gobe ne. Ka tambayi mai abu mana."

"Tambayar me? Ai so nake ya ga ya samu mai kula."

Ya kwanta ƙarƙashin amalanke da wuƙata ta yanka albasa, ya kankare baƙin maiƙon da ke jikin sandar ƙafafun tas, ya wanke da ruwan toka, ya tuttula mata manjana har ƙwaryar ta bushe. Ya fito gemu jawur yana murmushi.

Gari ya waye, aka ɗaura shanu biyu. Malam ya hau ya yi bisimilla, ya kaɗa su. Suka yi taku uku, amalanke ta bi su shiru kamar kyanwa. Sai suka tsaya cak, suka waiwaya. Ya lallashe su da Hausa, ya tsawata da Yarbanci, ya zage su da harshen Fotugis. Ko gezau. Rana tana ta hawa.

Maƙwabciyarmu mai wanki ta leƙo ta kan darni, ta dafe ƙirji.

"Wayyo, maƙwabci, ka kashe mata murya! Shanun ƙasar nan da kukan amalanke suke tafiya. Da gangan ake shafa mata gawayi don ta yi waƙa. In sun ji shiru, a ganinsu an sauke kaya ke nan, aiki ya ƙare."

Malam ya barbaɗa gawayi, amma itacen ya riga ya sha manja ya ƙoshi. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kafaɗarsa. Da na ga hannun nan a kan kumburin, haushin mai ya fita daga raina. Na tuna a garinmu, tun kafin a kamo ni, ni ake nema in za a kai amarya. Na je bayan amalanke, na toshe hanci, na rangaɗa guɗa.

Shanu suka miƙe kunnuwa, suka ja.

"Kada ki tsaya, uwar yara! Don girman Allah kada ki numfasa!"

Haka muka bi hanya. In na yi shiru in haɗiye yawu, su tsaya. Matan unguwa suka fito suna tambayar 'yar wa ake kaiwa, wasu suka biyo mu da tafi. Muka isa bakin teku da taro, jirgin farko yana taɓa yashi.

Tsohon ya saurari labari, ya yi dariya har ya zauna cikin kwandon kifi. Da ya farfaɗo ya ce, "Aikin naka ne, tunda ka zo a kan kari. Amma kada ka sake yi mini gyaran da ban sa ka ba."

Abin da ranar ta koya mini ke nan: in ka tarar da abu a hannun masu shi, ko ya yi maka kama da lalacewa, tambaya kafin ka sa wuƙa.

Malam ya yi shekara goma sha wani abu yana jigilar kifi, bai ƙara sa kafaɗa ƙarƙashin kujerar kowa ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Tsohon ya hau jirgi ya koma Ikko, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Mai wanki ta tsufa a ɗakin 'yarta. Ni kuwa kwana tara na yi ina ciniki da nuni da hannu, don murya ta ƙi fita.