Hular Mai Aski

Shekara ashirin da biyu ya yi yana aski a shago ɗaya, mai kujera biyu da madubi huɗu. A goma sha ɗaya daga ciki ba wanda ya ga tsakar kansa, shi ya sa ake ce masa Mai Hula. Bayan aski yana sayar da wani mai da yake haɗawa da kansa, a jikin kwalbar an rubuta "Maganin Sanƙo". Gemunsa ne tallar man: baƙi wuluk, ya cika ƙirji. Duk wanda ya ga gemun sai ya ɗauka abin da ke ƙarƙashin hular ya fi haka.

Ba komai a ƙarƙashinta. Tal yake kamar ƙwai, sai ɗan layin gashi a ƙeya. Daga matarsa sai babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, suka san haka, kuma ya san ran da unguwa ta sani, man ya mutu.

Wata rana ya tsare 'yar da tambaya.

"Ke da kika yi karatu, kai ɗaya, jini ɗaya, ta yaya ƙasa ke ta yabanya sama na fari?"

"Baba, akwai wani sinadari da jiki ke sakawa cikin jini, homon ake ce masa. Saƙo ne, yana zaga ko'ina, amma sai ƙwayar jikin da ke da makarɓarsa ce ke jin sa. Tushen gashin gemu in ya karɓa sai ya yi kauri. Na tsakar kanka in ya karɓi wannan saƙon sai ya riƙa tsukewa har ya daina fitowa. Na ƙeya bai cika kula shi ba."

"Wato mazantaka ce ta yi mini yawa," ya ce yana shafa gemu.

"Ba lallai ba ne ka fi kowa yawansa. Makarɓan naka ne masu saurin ji, kuma gado ne. Ka manta kan Kaka?"

"To, man nawa fa?"

"Yana sa kai sheƙi, Baba."

Bai sake tambayarta ba.

Asirin ya tonu ne wata Asabar da hantsi, shago cike. Yana gyara wa wani direban tasi ƙeya, mutumin da ya shekara shida yana shafa man safe da yamma. Mataji ya faɗi, Mai Hula ya sunkuya, hannun kujera ya zare hular. Madubi huɗu suka nuna abu ɗaya ta fuska huɗu.

Duk idon shago ya koma tsakar kansa.

"Mai Hula," in ji direban, "ashe kai ne shugabanmu!"

Dariya ta ɓarke. Da Mai Hula ya ga ba wurin ɓuya, sai ya faɗi gaskiya, karo na farko a sana'arsa. Ya maimaita karatun 'yarsa tiryan-tiryan: saƙo ɗaya, makarɓa daban-daban, mai ba ya shiga tsakani.

Direban bai saurara ba. Ya ƙura wa madubi ido yana jan gemunsa.

"Dakata da wannan turancin. Kafin in fara shafa manka, gemuna bai kai haka ba. Ku duba naku!"

Masu sanƙo uku da ke kan benci suka duba. Duk gemu ya cika.

"Gangarowa yake yi," direban ya yanke hukunci. "Kai santsi gare shi, ina mai zai tsaya?"

Mai Hula ya buɗe baki zai ce homon ne, ya dubi kwalabe talatin da ke kan kanta, ya rufe bakinsa.

Yanzu ba ya sa hula, amma sunan bai bar shi ba. Kwalbar tana nan, man bai canza ba, sai dai rubutun jikinta ya koma "Man Gemu". 'Yarsa ta ƙi rubuta masa, da hannunsa ya rubuta.