Farfesan da na ɗauka kuku ne

Jiya jikata ta nuna min hoton wani farfesa da na sani a waya, wai ya shekara da rasuwa. Sai na ji ƙamshin kofin nan mai ɗaci da yake shigo min mota da shi kowace safiya, lokacin ina direban tasi.

Ranar da na fara ɗaukarsa zuwa jami'a a Washington, ya ce daga Girka yake. Ni da bokona ya tsaya a aji uku, ban san Girka ƙasa ce ba, na ce to, mai girki ne. Wata biyu ina ba malamin shari'a shawarar yadda ake soya albasa, yana gyaɗa kai. Da ya gane, ya yi dariya har tabarau ya zame masa.

Ya cika tambaya. Yakan ce, "Alhaji, a garinku idan akuya ta ci gonar wani, wa ke da laifi?"

In ce, "Akuyar mana, Farfesa."

Wata rana ya roƙe ni in zo ajinsa in faɗa wa ɗalibai yadda dattawanmu ke raba gardama. Na ce lauyoyi ba za su iya ɗaukar ilimina ba. Ƙarya nake, kunyar Turancina na ji. Sau uku yana roƙo ina zillewa, har aka kira shi gida aka ba shi firaminista. Ban ƙara ganinsa ba.

Mutumin ya girmama ni, ni kuwa na ɓuya. Allah Shi ya san bayinsa. Ya saka masa, ya ba iyalinsa haƙuri.