Wanda Zai Yi wa Baba Wanka

Surukina ya zo Doha ne don a yi masa aikin ƙugu. Ya zame a ƙofar masallacin unguwarsu a Zariya ya karye, ƙashin ya ƙi haɗuwa, sai maigidana ya nema masa biza ya taho da shi. Lokacin muna zaune a Aziziyya, a wani ɗan gida bayan jerin shaguna. Ni ina fama da kundin digirina na uku, shi kuma maigidana injiniya ne a wani gini da ake yi a Lusail. Yana fita da sassafe, ba ya dawowa sai bayan magariba.

An yi aiki lafiya. Ranar sallama likitar ta zaunar da mu, ta ce Baba zai buƙaci mai ɗaga shi daga gado, ya kai shi banɗaki, ya yi masa wanka, har ƙafar ta yi ƙarfi. Ta dube ni, tun da ni ce mai wuni a gida. Na sunkuyar da kai. Ban san yadda zan fahimtar da ita cewa ko ruwa ban taɓa sha a gaban mutumin nan ba, balle in taɓa jikinsa. Maigidana kuma ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya faɗa, sai dai ya ce “wancan”. Shi ya ɗauki ɗan hutu ya fara yi. Ina ganinsu suna fitowa daga banɗaki, kowa na kallon wani gefe.

Hutun na dab da ƙarewa na shiga neman kamfanonin da ke turo masu jinya gida. Na farkon da na je, ofishinsu na saman wani dogon bene. Aka kawo min gahawa da dabino, aka yi ta nuna min hotunan tsofaffi suna murmushi. Da na tambayi wanda zai riƙa zuwa, sai matar da ke ofishin ta ce duk wanda ke da sarari a ranar. Na yi godiya na fito, don na san Baba ba zai jure wa baƙuwar fuska kowace safiya ba. Wani kamfanin kuma mata kaɗai gare su da rana. A haka na koyi abin da ya kamata in tambaya: ko suna da lasisin hukumar lafiya, ko an koya wa mutumin ɗaga wanda aka yi wa aikin ƙashi, da abin da za a yi ranar da shi kansa ya kwanta ciwo.

Amma abin da na fi sa wa rai shi ne in samu mai jin Hausa. Baba ba ya jin Turanci, Larabcinsa kuwa na littafi ne. Wata ƙawata a makaranta ta ce ta san wani mutumin Zangon Kumasi da ke aiki a wani ƙaramin kamfani a Wakra. Na je. Shugabarsu 'yar Sudan ce, dattijuwa. Ta ce ba za ta turo kowa ba sai ta ga majinyacin da banɗakin da idonta. Wannan ya kwanta min.

Ta zo da maza biyu, dukansu magidanta: mutumin Kumasin, da wani Ba'indiye siriri mai furfura a gefen kai, wanda ta ce shi zai riƙa canzarsa in ta kama. Na Kumasin na shiga ya tsuguna ya kwashi gaisuwa da Hausarsu ta Zango. Ya ce kakansa fataucin goro ya kai shi can daga ƙasar Zazzau. Nan hira ta ɓarke. Tun da Baba ya sauka ƙasar nan ban ji dariyarsa ba sai ranar. Ba'indiyen kuwa yana tsaye bakin ƙofa, hannuwa a baya. Na ce a raina an gama.

Bayan sun tafi Baba ya kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

“'Yar nan, wannan bawan Allah na Kumasi mutumin kirki ne.”

“Ƙwarai kuwa, Baba.”

“To, a bar shi. A kawo ɗayan.”

Na zaci ban ji daidai ba. Na ce, “Baba, ɗayan fa ko sannu bai sani ba.”

“Shi ya sa,” in ji shi. Ya murza carbinsa, sannan ya ce, “Mutum ya tsuguna ya ce min Baba, ya faɗa min garin kakansa, sannan in tuɓe a gabansa? Ai ya zama ɗana. Kunyar wancan ma ta ishe ni.”

Na kira shugabar ina ta kame-kame. Ko mamaki ba ta yi ba, ta ce ta sha ganin haka. Na roƙa a haɗa ni da na Kumasin don in ba shi haƙuri da bakina. Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, babana ma haka zai yi. In ba damuwa, Juma'a ina hutu, zan riƙa zuwa gaishe shi.”

Haka Ba'indiyen ya fara zuwa. Kwanakin farko da hannu suke magana. A hankali suka haɗa wani yare nasu: shi ya ce “yalla” in za a tashi, Baba ya ce “khalas” in ya gaji, sauran kuma da ido. Ba musulmi ba ne, amma bai jima ba ya gane lokutan salla, yana jin kira zai kawo buta da roba ya riƙe. Ba komai ne ya tafi sumul ba. Akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da Ba'indiyen, kamfanin ya sanar da mu da wuri ya turo wani, amma Baba ya ce shi ba wanka sai mutuminsa ya warke. Da tsumma da ruwan ɗumi ya riƙa goge jikinsa da kansa.

Na Kumasin kuwa bai saɓa ba. Duk Juma'a bayan masallaci zai zo, wani lokacin da goro a leda, su zauna a falo har la'asar. Da sanyi ya shigo, ƙafar ta fara taku, mukan ɗauki Baba mu je bakin teku a Wakra. Ya ɗan taka da sandarsa, ya zauna yana kallon jiragen masunta, yana mamakin ruwan da ba a sha.

Da likita ta ce zai iya komawa gida, Ba'indiyen ya zo ranar da ba ta aikinsa ba don su yi sallama. Baba ya sa aka buɗe jakarsa, ya zaɓi hular da ya fi so, ya miƙa masa. Hular ta yi masa yawa, ta sauko har kan kunnuwa. Ya tsaya a tsakar falo da ita a haka, Baba na zaune yana yi masa addu'a da Hausa, mu muna amsawa da amin. Da aka shafa, ya ɗauki jakar Baba ya kai mota.