Fasinjar da Na Ɗauka a Gyaɗi-Gyaɗi

Kafin wannan masifa ta same ni, Adaidaita Sahu nake tuƙawa. Daga ƙauye na zo Kano, na kama ɗaki a Ƙauyen Alu ni da matata Rabi. Ba mu da komai, amma salla ba ta wuce ni, barcina kuma lafiya lau.

Wata rana da azahar wata mata ta tsayar da ni a Gyaɗi-Gyaɗi. Doguwa ce, ƙamshinta ya cika babur ɗin. Tana zama ta kira ni da sunan da mahaifiyata kaɗai take kirana da shi. Da ina da hankali, nan take zan sauke ta. Amma sai na ji daɗi.

Ta sa na kai ta wani gida a Tarauni. Daga waje kango ne, ciki kuwa maza ne zaune cikin manyan riguna, ba mai kiran sunan wani. Shugabansu ya dube ni ya ce, "Amarya ta zaɓe ka. Za ka yi arziki. Abu kaɗan muke so: hula, ɗankwali, takalmi, duk abin da zufar mutum ta taɓa."

Na fara da kayan da fasinjoji suke mantawa. Na ce wa kaina wannan ai ba sata ba ce. Daga nan na koma ɗaukar takalma a ƙofar masallaci, sai kwashe shanya, har na iya haura katanga.

Amaryar nan, wato matar da na ɗauka, ba mutum ba ce, aljana ce. Ko gyangyaɗi na yi a inuwa da rana tsaka, sai ta zo mini a matsayin mata. In farka jikina kamar an matse lemo. Na rame, na daina salla, muryar Rabi ma ta zame mini kamar ƙaya.

Sai ranar da na kai musu hular Sani, abokina da muke layi ɗaya. Ba a jima ba na tarar an ɗaure shi da igiya a gidansu, yana ihu yana kiran wata mace da ba wanda yake gani. A nan na gane inda kayan mutane suke tafiya.

Na koma gidan nan na Tarauni na ce na tuba. Shugaban ya yi dariya ya ce, "Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗankwalin matarka muke so." Lokacin Rabi tana da tsohon ciki. Na durƙusa ina kuka, ba wanda ya kalle ni. Na yi ƙoƙarin barin garin, amma duk titin da na hau sai ya dawo da ni Tarauni.

Da na rasa mafita, na je bakin asibiti na fizge wayar wata nas a gaban jama'a, na tsaya ban gudu ba. Na sha duka har na suma. Alƙali ya tura ni gidan yari, ni kuwa murna nake, a zatona katanga za ta tsare ni.

Har can ta biyo ni. Wani dattijon fursuna, Baba Isa, ya ji ina gurnani cikin barci, ya matsa mini har na gaya masa komai. Ya ce, "Yaro, kai ka buɗe mata ƙofa, kai za ka rufe." Ya sa na koma salla, ina kwanciya da alwala da Ayatul Kursiyyu. Na daɗe ina shan wuya kafin ta rabu da ni.

Da na fito, na tarar Rabi ta haihu lafiya a gidan iyayenta, amma ta ce ba za ta dawo ba. Ban ga laifinta ba. Sani kuwa har yau bai warke ba. Na je na faɗa wa mahaifiyarsa gaskiya. Sai ta ce, "Tashi ka ba shi abinci, ni hannuna ya gaji." Kullum ni nake ba shi a baki, bai ma san ko ni wane ne ba.

Samari, don girman Allah ku ji ni. Duk wanda ya ce zai ba ku duniya a ɓoye, ku tambaye shi wa zai biya. Ni nawa, Sani ne yake biya. Ku sa shi a addu'a kafin ku sa ni.